Saikad a tukunyar falo: wane iri ya cancanci jiran shekaru?

Wanda ya saba shiga harabar manyan otal-otal, ko yakan tsaya wurin masu sayar da fulawa a bakin titi a Abuja ko Kaduna, da wuya a ce bai taɓa ganin wata shuka mai gajeren kututture da ganyaye masu tauri da suka buɗe kamar laima ba, wadda yawancin mutane ke ɗauka 'yar dabino ce. Kama ce kawai ta zo ɗaya, amma ba ta haɗa dangi da dabino ko giginya ko goriba ba. Ana kiranta saikad, kuma tana cikin tsirran da ba sa yin fure. Yawancin nau'o'inta wani goyo suke fitarwa a tsakiyar kai mai kama da goyon masara ko abarba, namiji da gindinsa, mace da nata. An sami burbushin kakanninta a duwatsun da suka haura shekara miliyan 250, a yau kuma nau'o'in da suka saura sun ɗan zarce 350, sun warwatsu a Meksiko da Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, da Afirka, da kudanci da gabashin Asiya, da Ostireliya. Fiye da kashi 60 cikin ɗari nasu suna cikin haɗarin ƙarewa a daji.

Abin da ya sa zaɓen iri ya zama magana mai nauyi a nan shi ne jinkirin shukar. Mai lambun tumatir idan ya sayi mugun iri, kafin sati uku ya gane, ya sake wani. Mai shuka saikad kuwa yana iya kwashe wata tara yana ba ƙwallon da ba shi da rai ruwa, ko ya yi shekara huɗu yana renon nau'in da ɗakinsa bai dace da shi ba tun farko. A lambun Kew da ke Landan akwai wata saikad mai suna Encephalartos altensteinii da Francis Masson ya kawo daga Afirka ta Kudu a 1775, har yau tana cikin mazubi a ɗakin gilashi, kuma tsawon da take ƙarawa a shekara bai wuce santimita biyu da rabi ba. Da shuka mai irin wannan tafiya, gyaran kuskure yana da tsada. Saboda haka na ɗauki gidaje huɗu da mai neman iri zai fi cin karo da su, wato Cycas, Zamia, Dioon da Encephalartos, in auna su da abin da ke damun mai tukunya a falo: saurin tsirowa, haske, girma, doka, da guba.

Kafin nan akwai tambayar da ta riga wannan: me ya sa sai iri, alhali ana iya sayen dashe ko a ɓalle ɗa daga gindin uwa? Masu dabino sun san wannan lissafi, domin su ma sukan fifita 'ya'yan gindi a kan ƙwallo, saboda ɗan gindi yana ɗauko jinsin uwarsa da halinta, ƙwallo kuwa ba a sanin namiji ne ko mace sai ya girma. Haka abin yake ga saikad. Akwai ma nau'in da 'ya'yan gindi ne kaɗai suka riƙe shi a duniya, wato Encephalartos woodii, wanda John Medley Wood ya tarar da gungu ɗaya tak nasa a dajin Ngoye na ƙasar Zulu, a Afirka ta Kudu, a 1895, namiji ne, kuma har yau ba a sami macensa ba. Sai dai ɗan gindi yana zuwa da rauni a inda aka yanke shi, ba shi da uwar saiwa, yana iya ruɓewa kafin ya kama, kuma nau'o'in da ba su da yawa ba a cika samun 'ya'yansu a kasuwa ba. Dashe mai shekara biyu ko uku shi ne hanya mafi sauƙi ga wanda ke son ganin ganye yau-yau, amma da shi ne ƙwari ke shigowa gida, kuma babban gindi da aka kawo ba takarda yana iya zama wanda aka haƙo daga daji. Iri ya fi arha, ya fi sauƙin aikowa, yana ba shukar cikakkiyar uwar saiwa, kuma tun ganyenta na farko a hasken ɗakin da za ta zauna take tasowa. Kuɗin da ake biya a kansa haƙuri ne, tare da yarda cewa ba duka za su tsira ba.

Irin saikad yana da wata ɗabi'a da ke ruɗa wanda ya saba da gero da wake. A nau'o'i da yawa, lokacin da ƙwallon ya faɗo daga uwa ɗan tsiron da ke cikinsa bai gama ƙosawa ba, ɗan zare ne kawai a tsakiyar farin nama, sai ya yi watanni yana girma a ɓoye kafin ya iya fasa ɓawo. Idan aka binne shi a jiƙaƙƙiyar ƙasa mai zafi kafin lokacin, sau da yawa ruɓewa yake yi. Idan kuma aka bar shi ya bushe ƙayau kamar yadda ake adana hatsi a rumbu, ya mutu, domin ba ya jure bushewa, kuma iskar hunturu tana iya kashe shi a kan tebur. Ga wata matsalar ta daban: mace da ke zaune ita kaɗai ba namiji a kusa, ba kuma ƙwarin da ke kai mata garin namiji, tana iya yin ƙwallaye manya masu kyan gani alhali ba ɗan tsiro a ciki. Na taɓa sayen irin waɗannan daga wani mai sayarwa a intanet, cinikin biri a sama, na yi kusan shekara ina lallashinsu. Ranar da haƙurina ya ƙare na fasa guda da guduma, na tsaga naman da wuƙa daga sama zuwa ƙasa, sai na ga ɗan rami ne kawai a ƙarshen, ba zare ba tsiro. Tun daga nan, idan na sayi iri da ɗan yawa, nakan sadaukar da ɗaya in tsaga tun ranar farko. Gwajin jefawa a ruwa yana taimakawa, domin wanda ya taso sama galibi fanko ne, amma nutsewa ba shaida ba ce, musamman a gidan Encephalartos inda marar ɗan tsiro ma yakan nutse. Girgiza shi a kusa da kunne yana nuna ko naman ya bushe ya rabu da ɓawo.

Cycas revoluta ita ce wadda ake gani a otal-otal, kuma na sa ta a nan ne a matsayin ma'auni, domin ba ta cikin masu wuyar samu, kuma asalinta ma kudancin Japan ne, tsibiran Ryukyu da Kyushu, inda ake ɗan yin sanyi. Ƙwallonta ja ne mai ruwan goro, ya kai girman ɗan ƙaramin goro, yana buƙatar hutun wasu watanni bayan ya nuna, sa'annan tsirowarsa takan ɗauki wata uku zuwa tara. Amfaninta ga mai koyo shi ne arha: idan rabi ya lalace ba a yi babbar asara ba. Amma a matsayin shukar ɗaki tana da aibi biyu. Na farko, 'yar rana ce. Idan sababbin ganyenta suka fito a falo mai duhu, sai su yi tsawo su yi siriri su karkata wajen taga, kuma da zarar sun yi tauri a haka suka zauna har su tsufa. Na biyu, ita ce abincin wani farin ƙwaro mai mannewa da ake kira Aulacaspis yasumatsui, ɗan asalin kudu maso gabashin Asiya, wanda aka gano a birnin Miami na Amurka a 1996, ya isa tsibirin Guam da ke tekun Pasifik a 2003 ya hallaka mafi yawan saikad ɗin dajin wurin. Yakan rufe bayan ganye kamar an barbaɗa gari, har ya sauka cikin saiwa, inda feshi ba ya isa. Yakan taɓa sauran gidajen ma, amma gidan Cycas ya fi so. Ga mai fili a tsakar gida shuka ce mai kyau. Ga falo, ina ganin ita ce ta ƙarshe a cikin huɗun.

Gidan Zamia ne ya fi tsayar da ni. Zamia furfuracea 'yar gaɓar teku ce a jihar Veracruz ta Meksiko, tana fitowa a tudun rairayi da kan duwatsu, kuma ko da yake ta ragu ƙwarai a dajinta har an sa ta cikin masu haɗarin ƙarewa, masu renon tsirrai sun yawaita ta a lambuna, saboda haka ana samun irinta ba tare da an taɓa na daji ba. Ganyenta faffaɗa ne, mai kauri da ɗan gashi-gashi, idan aka shafa shi sai a ji kamar kwali. Kututturenta gajere ne, rabinsa a ƙasa, ganyen kuma ba ya wuce mita ɗaya da wani abu, don haka tana iya yin shekaru da yawa a tukunya ɗaya ba ta nemi a fasa rufi ba. Ƙwallonta ƙarami ne, kimanin santimita biyu, ja wur, kuma idan sabo ne yakan tsira cikin wata ɗaya zuwa uku ba tare da dogon hutu ba. Wannan saurin yana da nasa sharaɗi: irin Zamia ba ya daɗewa da rai a ajiye, saboda haka tambayar farko ga mai sayarwa ita ce yaushe aka tsinke shi. Ta kuma fi sauran saurin balaga, domin a cikin 'yan shekaru mai ita zai iya ganin goyonta ya san namiji ce ko mace, alhali a wasu gidajen sai a haura shekara goma ana jira. Tana son haske sosai, bakin taga mai samun ranar safe ko baranda, kuma tana jure bushewar iska fiye da 'yan uwanta na kurmi, abin da ke da muhimmanci ga wanda ke zaune a Kano ko Zinder.

Wanda ɗakinsa ba shi da irin wannan haske, akwai ƙanwarta, Zamia vazquezii, ita ma daga Veracruz, wadda aka daɗe ana sayar da ita da sunan Zamia fischeri bisa kuskure. Ganyenta siriri ne mai laushi, ba shi da ƙaya mai cutarwa, tana rayuwa a inuwar manyan itatuwa, kuma dajinta ya kusa ƙarewa. Ƙarama ce ƙwarai, ta dace da tebur. Ita ce ta haɗa abubuwan da mai wannan sha'awa ke nema: ba kowa ke da ita ba, 'yar ƙasar zafi ce, tana tsirowa ba gardama, ba ta kuma cin wuri. Rauninta shi ne hunturu, domin bakin ganyenta yakan ƙone idan busasshiyar iska ta buge shi kai tsaye. A nan ya kamata in ja kunne a kan wata shukar ofis mai ganye mai sheƙi da ake kira Zamioculcas, wadda wasu masu sayarwa ke gajarta sunanta har ya yi kama da Zamia. Wannan 'yar gabashin Afirka ce daga dangin gwaza, ba saikad ba ce ko kaɗan.

Dioon spinulosum kuwa ta fi su kwarjini. A dazuzzukan jihohin Oaxaca da Veracruz na Meksiko take fitowa, a kan duwatsun farar ƙasa da ke ƙarƙashin kurmi, inda ruwan sama yake da yawa, kuma a can tsohon gindi yakan haura mita goma, yana cikin mafi tsawo a dukan saikad na nahiyar Amurka. Ƙwallonta babba ne, santimita huɗu zuwa biyar, ya kusa ƙwan 'yar budurwar kaza, kuma wannan girman alheri ne, domin guzurin da ke cikinsa yana sa ganyen farko ya fito da ƙarfi, dogo, mai kyan gani tun shekarar farko. Tana tsirowa da kyau idan irin ya huta yadda ya kamata, tana jure inuwa fiye da Cycas, kuma a ma'aunin saikad tana da saurin girma. Ganyenta kore ne shar mai sheƙi, an jera ƙananan ganyayen kamar haƙoran mataji, kowanne da 'yan ƙayoyi a gefe. Matsalarta ita ce wannan girman dai. Ba kututturen ne zai dami mai falo ba, shi kam zai daɗe bai tashi ba. Ganyen ne, wanda yakan kai mita ɗaya da rabi zuwa biyu, ya bazu ko'ina, ya riƙa kama mayafi da bakin riga. Ta fi Zamia furfuracea son ruwa da laima, saboda haka za ta fi jin daɗi a Jos ko Abuja fiye da Sakkwato, sai dai idan an tanadi kusurwar da iska ba ta kaɗawa. Ga mai babban zaure ko doguwar baranda mai inuwa, ban san wadda ta fi ta biyan kuɗin sabulu ba.

Saura gidan Afirka, Encephalartos, wanda shi ne masu tara saikad suka fi kwaɗayi, kuma shi ne ya fi wahala ta kowace fuska. Wanda aka fi shawartar mai koyo da shi shi ne Encephalartos ferox na gaɓar Mozambik da arewacin lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu, saboda yana zama a inuwar itatuwa a kan rairayi, kututturensa gajere ne, goyonsa kuma ja ne mai ɗaukar ido. Amma sunansa ma yana nufin mai zafin rai, domin kowane ƙaramin ganye yana da ƙayoyi masu tsini da ke huda fata, kuma gidan da yara ke guje-guje bai dace da shi ba. Irinsa na buƙatar hutun kusan wata shida, yana da tsada, shi ne kuma ya fi yaudara a gwajin ruwa. Muna da namu a wannan gida: Encephalartos barteri, wanda ke fitowa a wurare masu duwatsu a Nijeriya da Benin da Togo da Gana. An sa masa sunan Charles Barter, masanin tsirrai da ke cikin tawagar William Baikie a kogin Kwara, wanda ya tsinko shi a kusa da Jebba, inda jirginsu ya farfashe a 1857, shi kuma ya rasu a Rabba a 1859. Akwai wani reshensa da ba a samunsa ko'ina sai a tsaunukan Filato. Ta fuskar yanayi, ba saikad ɗin da ya san hunturu da bazara da gobarar daji kamarsa. Amma ɗan rana ne ko ɗan inuwa mai haske, ba ɗan falo ba, kuma wuraren da yake fitowa kaɗan ne, don haka kwashe irinsa daga dutse yana nufin hana wannan gungu haihuwa na shekara guda ko fiye, tun da mace ba kowace shekara take goyo ba.

Daga nan maganar doka ta shigo, kuma ita kaɗai tana iya yanke hukunci tsakanin gidajen. Yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa, mai kula da cinikin dabbobi da tsirran da ke cikin haɗarin ƙarewa, wadda aka sa wa hannu a Washington a 1973 ta fara aiki a 1975, Nijeriya da Nijar da Gana duk suna cikinta, ta sa dukan nau'o'in Encephalartos a Jeri na Ɗaya, tare da Ceratozamia da Stangeria da Microcycas da wasu 'yan kaɗan. Ma'anar wannan ita ce ko ƙwallo ɗaya ba ya tsallaka iyaka sai da takardar izini, kuma an hana cinikin na daji. Sauran saikad, ciki har da nau'o'in Zamia biyun da na ambata, da Dioon, da Cycas revoluta, suna Jeri na Biyu, inda aka ɗauke wa iri sharaɗin wannan takarda ko da yake shukar kanta tana buƙatarta. Wannan sassauci bai shafe dokar lafiyar tsirrai ba. A Nijeriya shigo da iri yana buƙatar izinin hukumar killace kayan gona, NAQS, da takardar shaidar lafiya daga ƙasar da aka aiko shi. Tsaurin yana da dalili. A 2014 ɓarayi sun shiga lambun Kirstenbosch da ke Cape Town sun tumɓuke saikad 24, kuma kasuwar masu tarawa ce ta ƙarar da wasu nau'o'in daga dajin Afirka ta Kudu gaba ɗaya. Mai sayarwar da ya ce zai aiko da irin Encephalartos a ambulan ba takarda, ya riga ya faɗi irin cinikin da yake yi.

Guba kuwa ba ta bambanta gidajen sosai, duka suna da ita, a ganye da kututture, amma ta fi taruwa a iri. Sinadarin da ake kira saikasin yana lalata hanta, kuma likitocin dabbobi a ƙasashen da aka fi shuka Cycas sun saba ganin karnukan da suka mutu bayan tauna ƙwallo ɗaya ko biyu. Mutanen Okinawa ta Japan sun ci saikad a yunwar shekarun 1920, bayan dogon jiƙo da wanki da ruɓarwa, kuma waɗanda suka gaggauta aikin wasunsu sun rasa rai. Inda bambancin yake shi ne a jan hankali: ƙwallon Zamia ƙarami ne ja mai sheƙi kamar alewa, yaro zai iya jefa shi baki, na Dioon kuwa ya yi girma da tauri. Lokacin da ya fi haɗari shi ne watannin jiran tsiro, domin a lokacin irin yana kwance rabi a waje. Tukunyar ta zauna inda hannun yaro da bakin akuya da kyanwa ba sa kaiwa, a kuma rufe ta da raga saboda ɓera, wanda yakan ɗauke iri cikin dare.

Yadda ake shukawa kusan ɗaya ne ga duka. A jiƙa irin kwana ɗaya ko biyu, a sa safar hannu ta roba a kankare naman waje tas har a kai ga ɓawo mai tauri, domin wannan naman yana hana tsiro kuma yana jawo ruɓa. Ƙasar ta zama mai zubar da ruwa nan take: yashin kogi mai kaushi, ƙananan tsakuwa, dakakken gawayi, da ɗan ruɓaɓɓen ganye kaɗan, ban da laka, ban da ɗanyen taki. A kwantar da ƙwallon a gefensa, rabi a ciki rabi a waje. Zafin da ya fi so digiri 27 zuwa 30 ne, wanda mutanen Turai sai sun sayi shimfiɗar lantarki suke samu, mu kuwa farkon damina yana ba mu kyauta. Tsakiyar bazara a ɗakin kwano ya yi zafi da yawa, daren hunturu kuma yana tsayar da komai. Tukunyar ta zama mai zurfi, santimita 20 zuwa 30, da huji a gindi, saboda saiwa ce ke fara fita kuma ƙasa take nufa kai tsaye. Ranar da Dioon ɗina na farko ya motsa, ba abin da ya nuna a sama sai wata 'yar ƙofa a ƙarshen ɓawon da ta buɗe kamar tauraro, wani farin abu mai kaurin ɗan yatsa ya leƙo ya lanƙwasa ya nutse cikin yashi. Sai da aka yi makonni da yawa shiru, sa'annan wani siririn kara mai gashi ya taso daga wuyan saiwar, kansa a naɗe, ya riƙa warwarewa kullum kaɗan har ya zama ganye guda mai laushi kamar alhariri. Kada a cire ƙwallon daga jikin tsiron a wannan mataki, ko da ya yi kamar ya gama aiki, domin daga shi yake ci na tsawon watanni.

Bayan tsiro, abin da ya fi kashe saikad a ɗaki shi ne yawan ruwa. A bari saman ƙasar ya bushe kafin a ƙara. Idan wasu saiwoyi suka ɓullo saman tukunya a cure kamar 'yan ƙananan citta, a bar su, ba ciwo ba ne. A cikinsu wasu ƙananan halittu ke zaune suna jawo wa shukar taki daga iska, kwatankwacin ƙululun da ke saiwar gyaɗa da wake. Sababbin ganyaye kuma a ƙungiya suke fitowa, wani lokaci sau ɗaya a shekara, kuma makonnin da suke da laushi su ne ke tsara kamannin shukar, don haka a lokacin a ba ta mafi kyawun hasken gidan, kada a juya tukunyar, kada kuma a ajiye ta a gaban na'urar sanyaya ɗaki.

Idan aka haɗa lissafin, wanda bai taɓa shuka saikad ba kuma yana da taga mai ranar safe, ya fara da sabon irin Zamia furfuracea, ya sayi kamar goma ya tsaga ɗaya. Wanda ɗakinsa ƙarami ne mai matsakaicin haske, kuma abin da ke ransa shi ne mallakar wadda ba a gani a bakin titi, ya nemi Zamia vazquezii ya kare ta daga iskar hunturu. Mai faffaɗan zaure da ba yara ƙanana ya ɗauki Dioon spinulosum, ya auna mita biyu a kusurwar tun yanzu. Cycas revoluta a bar ta a tsakar gida inda rana take. Encephalartos kuwa ina ganin a jinkirta shi har sai mutum ya raini ɗaya daga cikin waɗancan ya ga ganyenta na uku ko na huɗu, sa'annan ya neme shi wurin mai reno da zai iya nuna uwa da uban da irin ya fito daga gare su, da takardar da za ta rako shi.